Rumfar Nomau da Fitilun da Suka Mutu

An ce wai a ƙasar da Kogin Maraku ya ratsa an yi wani alƙali, Malam Haliru, wanda ya tsufa a kan buzun shari'a, har ya zama ba a kawo masa wata ƙara sai ya tuna da irinta da aka taɓa kai wa malaminsa. Ba shi da gaggawa, ba shi da yawan fara'a, kuma mutane sun fi tsoron tambayarsa a kan hukuncinsa.

A bakin wannan kogi akwai garuruwa biyu masu tsohuwar gaba: Tudun Baushe a sama, Gangaren Ɗorawa a ƙasa. Asalin gabar wani tafki ne da kakanninsu suka yi faɗa a kan kamun kifinsa. Tafkin ya daɗe da ƙafewa, har an yi gona a wurin, amma gabar ba ta ƙafe ba. Babu auratayya tsakaninsu, babu gaisuwar mutuwa.

Kogin kuwa mugun hali gare shi. Ruwa kan sauka a duwatsun arewa, inda ba mai gani, alhali sararin Gangaren Ɗorawa garau yake, sai kawai a ga ambaliya ta taso. Saboda haka hukuma ta aiko da wata injiniya, Murjanatu, ta kafa turakun ƙarfe a bakin kogin, jere daga duwatsu har gangare. Kowane turke yana ɗauke da na'ura mai auna tashin ruwa, a kansa kuma akwai wani baƙin faranti mai shan hasken rana ya cika mata batir. Babu waya tsakaninsu. Ta iska kowace na'ura ke miƙa wa ta gabanta labari, ita ma ta miƙa gaba, har ya isa wani akwati da aka ajiye a zauren Jatau, Sarkin Ruwan Gangaren Ɗorawa. A jikin akwatin akwai 'yan fitilu, kowane turke da tasa, a bisa zauren kuma aka ɗaura jiniya. Turken da ke Tudun Baushe, wanda duk labarin sama sai ta kansa zai bi, aka damƙa amanarsa ga wani dattijo mai suna Nomau.

Cikin marka, wata rana da hantsi, rana tana haskawa, mutane suna fadama suna cire ciyawar shinkafa, ruwa ya zo. Jiniya ba ta yi kuka ba. Waɗanda suka tsira sun ce wani ruri suka fara ji, kamar iska a cikin gonar dawa, kafin su waiwaya ruwa ya kai musu ƙugu. An yi kwanaki ana sauko da gawarwaki daga rassan itatuwa. Cikin mamatan har da babban ɗan Jatau, wanda ya riga ya hau tudu ya koma ceton matarsa, da matar, da jaririn da ke goye a bayanta.

Da ruwa ya janye aka bi turakun ɗaya bayan ɗaya. Kowanne lafiyarsa lau, sai na Tudun Baushe. Shi aka tarar an gina masa rumfa mai kyau, an yi mata jinka da sabuwar ciyawa, an kewaye ta da zana. Baƙin farantin yana cikin inuwa, batirin ya daɗe da mutuwa. Na'urorin sama sun ga ruwa, sun yi ta kira, kiran ya zo nan ya tsaya.

Gangaren Ɗorawa ta ɗauki wuta. Jatau ya rantse cewa da gangan Nomau ya toshe bakin na'urar, don a gama da su da ruwa abin da aka kasa gamawa da sanda. Samari suka wasa adduna, suka ce ko a ba su Nomau, ko su je su ɗauko shi da kansu, su bar garinsa toka. Hakimi ya ga abin ya fi ƙarfin lallashi, ya miƙa maganar ga Malam Haliru, ya roƙi samarin su jira hukunci. Suka yarda, amma ba su mayar da addunan ɗaka ba.

A zaman farko aka kawo Nomau, tsoho ne siriri, rawaninsa ya sha jiki. Bai musa ba. Ya ce shi ya gina rumfar da hannunsa, ciyawar ma shi ya yanko.

"Allah gafarta Malam," in ji shi, "amana aka ba ni. Na je na taɓa ƙarfen nan da tsakar rana, ya ƙona mini hannu. Ga damina kuma ta kawo kai. Ni ban taɓa barin akuyata a rana da ruwa ba, balle abin da hukuma ta ce rayukan mutane na rataye da shi. Da na bar shi a fili, cewa za a yi Nomau ya wulakanta amana don ta mutanen gangare ce."

Aka kira Murjanatu. Ta ce lalle ta gaya masa ya kula da turken, kada yara su jefe shi, kada shanu su goga jiki da shi. Alƙali ya tambaye ta ko ta gaya masa cewa hasken rana shi ne abincin na'urar. Ta ce ba ta zaci wannan sai an faɗa ba, kuma tun da aka gama aikin aka tura ta wani kogin.

Malam Haliru ya ɗage zama, zuciyarsa a cunkushe. Ya ga cewa in ya hukunta Nomau hukuncin mai kisa, ya hukunta mutum saboda ya girmama amana. In kuma ya sallame shi da hujjar rashin sani, Nomau ba zai kai gida da rai ba, garuruwan biyu kuma za su haƙa sababbin kaburbura kusa da waɗanda ƙasarsu ba ta bushe ba. Ya juya ƙararrakin da ya sani a ransa, bai sami wadda ta yi kama da wannan ba.

Washegari da safe ya tafi yi wa Jatau ta'aziyya, domin shari'a ba ta ɗauke wa alƙali haƙƙin gaisuwa. Yana zaune a zaure sai idonsa ya kai kan akwatin. Fitilun turakun ƙasa suna ci, amma daga ta Tudun Baushe zuwa sama duk a mace suke. Ya tambaya tun yaushe suke haka.

"Tun saukar damina," in ji Jatau, cikin ɗaci. "Ka ga tsawon lokacin da mugun nan ya yi yana shirya mana."

Alƙali ya sake duban fitilun da suka mutu. Ana nan sai wayar Jatau ta yi ƙara, ya ɗauka da sauri, murya ta yi masa laushi. Da ya ajiye ya ce Dije ce, 'yarsa da ke aure a Unguwar Kanya, can nesa a ƙetaren kogi, ita kaɗai ta rage masa. Tun ranar da abin ya faru ba ta taɓa bari hantsi ya ɗaga ba ta kira shi ba.

A hanyar komawa Malam Haliru ya biya wurin Murjanatu ya tambaye ta ma'anar fitilun. Ta ce kowace na'ura, ko babu hatsari, takan aiko da gaisuwa a kai a kai, wato tana raye, kuma muddin gaisuwar na isowa fitilarta na ci. Wannan kam, in ji ta, ta bayyana wa Sarkin Ruwa a gaban dattawansa. Nan take alƙali ya tuna da wani labari da malaminsa ya ba shi, na zamanin hare-hare, lokacin da ake ajiye masu ganga a kan duwatsu. Ya isa gida, ya kira wani amintaccen manzo, ya aike shi Unguwar Kanya da saƙon da bai gaya wa kowa ba.

Ranar hukunci fili ya cika tun da sassafe. Mutanen gangare a gefe guda, na tudu a gefe guda, Nomau a tsakiya a kan tabarma. Alƙali ya zauna, amma bai buɗe zama ba. Ya ɗauki carbinsa yana ja. Rana ta fito sosai, hantsi ya yi, ya wuce. Mutane suka fara gunaguni. Shi kuwa ta gefen ido Jatau yake kallo, yana ganin yadda yake zaro wayarsa ya duba ya mayar, ya sake zarowa, ya danna ya kai kunne, ya sauke. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Malam Haliru ya ji nauyin abin da yake yi wa mutumin da ya binne ɗa da jika, amma bai ɗago kai ba.

Can Jatau ya miƙe, ya durƙusa, ya nemi izinin fita. Alƙali ya tambaye shi dalili. Ya ce zai nemi babur ne ya tafi Unguwar Kanya, Dije ba ta kira ba, wayarta kuma a kashe.

"An aiko maka da mugun labari ne?"

"A'a, Allah gafarta Malam. Ba a aiko da komai ba."

"To, ai lafiya ke nan. Zauna. Da wani abu ya same ta, da ka ji."

Jatau ya ɗago, idanunsa jawur. "Haba Malam, da girmanka. Yarinyar da kullum sai ta gaishe ni, yau ta yi shiru, ka ce mini lafiya? Ai shirun nan shi ne labarin. Wanda ya zauna bai je ya duba ba, ba uba ba ne."

Alƙali ya ajiye carbi. Ya ba da umarni a maimaita wa jama'a abin da Sarkin Ruwa ya faɗa, aka maimaita. Sannan ya yi ishara, aka fito da Dije daga cikin gidan alƙali, inda ta kwana tare da iyalinsa bisa yardar mijinta. Ta zo ta durƙusa gaban ubanta tana hawaye, tana cewa, "Baba, ka yafe mini, umarni aka ba ni." Jatau ya dafa kanta.

"Sarkin Ruwa," in ji Malam Haliru, "na wahalar da kai rabin yini, kuma zan amsa wannan a gaban Allah. Shirun safiya guda ya hana ka zama. Turken Tudun Baushe ya saba gaishe ka dare da rana, ya yi shiru tun saukar damina, da bakinka ka gaya mini. Fitilarsa ta mutu a zaurenka, inda kake cin tuwo. Wa ka aika?"

Kowa a filin ya san amsar, har samarin da ke riƙe da adduna: Jatau bai aika kowa ba, domin aika manzo Tudun Baushe tamkar gaishe su ne, kuma tun zamanin kakanni ba a yi ba. Dattawan da ke zama a zauren kullum suna ganin fitilun suka sunkuyar da kai.

Alƙali ya ci gaba da cewa malaminsa ya ba shi labarin wani mai ganga da aka ajiye a kan dutse don tsaron mahara. Ƙa'ida ita ce ya buga sau ɗaya kowace safiya ko babu kowa a daji. Wata rana maciji ya sare shi, ganga ta yi shiru, mutanen gari suka ce tunda ba a buga ta yaƙi ba lafiya ke nan, mahara suka ci garin. Sarkin wancan zamani bai ɗora laifin a kan mai ganga shi kaɗai ba, ya raba shi da waɗanda suka ji shiru suka ci gaba da harkarsu.

"A kan wannan nake hukunci," in ji shi. "Nomau ya rufe bakin mai kira, da jahilci, ba da mugunta ba. Hukuma ta ba da amana ba ta ba da iliminta ba, zan rubuta mata haka. Sarkin Ruwa ya ga mai kira ya yi shiru, girman kai ya hana shi tambaya. Babu mai kisan ganganci a nan. Wanda duk ke neman jinin Nomau saboda sakaci, to ya sani sakacin bai tsaya a Tudun Baushe ba, sai ya fara daga zauren garinsu."

Ba wanda ya motsa. Daga baya wani saurayi, ƙanin matar da ta mutu da goyo, ya ajiye addarsa a ƙasa ya juya ya tafi, sauran suka bi shi ɗaya ɗaya.

Aka yanke cewa Nomau zai rushe rumfar da hannun da ya gina ta, mutanen Tudun Baushe kuma za su sauko su taya gina gidajen da ruwa ya ci, su ɗauki noman marayu. Jatau kuwa, duk ranar da wata fitila ta mutu a zaurensa, shi da kansa zai taka zuwa turkenta, ko a garin wa yake.

An ce bai jira fitila ta mutu ba. Kowace Juma'a yakan hau hanya da ƙafa har Tudun Baushe, ya tarar da Nomau a gindin turken, su biyu su goge ƙurar baƙin farantin da gefen rigunansu. Sallama kawai ke haɗa su. Jatau bai sake zama a zaurensa don hira ba, kuma kafin wata damina ta kewayo ya rasu. Nomau na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, shi ne mutumin tudu na farko da ya tsaya a maƙabartar gangare. Malam Haliru kuwa, in an yabi wannan hukunci a gabansa, sai ya kau da kai ya ce bai dawo da ko jariri ɗaya ba.

Mu da muka gaji wannan labari, abin da muke gaya wa masu kafa na'urori da masu zama gabansu shi ne: amanar da aka bayar ba tare da iliminta ba, rabinta aka bayar, kuma wanda ya saba aiko maka da gaisuwa, ranar da ya yi shiru kada ka ce lafiya, tashi ka je ka gani.