Hannun Uwaisu da Sanaubar ta Ƙarshe

Masu adana labaran mutanen farko sun ruwaito cewa a zamanin Sarki Numairu na birnin Ramlatu, kogin da ke shayar da birnin ya janye har awaki suka koma kwana a tsakiyarsa, jama'a suka fara ɗaure kaya. Mafarin kogin nan yana kan Tsaunin Shamiku, inda wata itaciya mai suna sanaubar ke tsira cikin tsagar dutse, can ƙololuwar da ko ciyawa ba ta kai. Ganyenta siraran allurai ne, biyar-biyar a ƙulli, ba ya kaɗewa rani da damina, kuma shi ke tsefe gajimare ya ɗigo da ruwa. To, itatuwan sun tsufa sun mutu, saura guda tal, a hannun aljanu.

Uwaisu, autan Sarki, wanda taurin kansa ya ishi fada da kewaye, ya miƙe ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ni ba zan gudu daga garin da aka binne cibiyata ba. A sa mini albarka kawai, in hau tsaunin nan in nemo mana ruwa."

Ya keta sahara mai jan yashi wadda ta cinye masa doki da takalma, ya faɗa birnin matsafa mai ganuwar tagulla. Shugabansu ya miƙa masa goran da ruwansa ba ya ƙarewa, ya ce ya ishe shi da gidan ubansa, muddin ya juya. Uwaisu ya fyaɗa goran da ƙasa ya ce, "Birni ne ke jin ƙishirwa, ba gidanmu kaɗai ba." Ya tsallake su ya wuce.

A kan tsaunin ya ga abin da ido bai saba gani ba: soraye na dutse mai daraja zabarjadi, mikiyoyi masu ƙafar azurfa, sanyi mai tsaga leɓe. Tsakiyarsu kuwa ga itaciyar nan, ta karkace saboda iska, ɓawonta ya tsattsage kamar bayan kada. Gindinta an tara 'ya'yanta tsibi guda, dunƙule-dunƙule masu ɓawo irin na kifi, ƙaro ya liƙe su gam. Mai tsaronta Gimbiya Nu'aima ce, 'yar Marzuwanu, Sarkin aljanun tsaunin.

Ta ce, "Kai bil'adama, ka makara. Mu daga wuta aka yi mu, shi ya sa kakana ya yi rantsuwa wuta ba za ta kusanci sanaubar ba. Ko tsawa ta faɗi ta kunna wuta mu ke kashewa. Mun shuka 'ya'yan nan, mun ba su ruwan wardi, ko ɗaya bai buɗe ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Sau ɗaya wutar tsawa ta riga dakarunmu, aka ga tsirrai cikin toka. Babana ya sa aka share duka don kunyar sakaci."

Haushi ya turnuƙe Uwaisu, gama a ƙasarsu kowa ya san sai an ƙona daji sabuwar ciyawa ke tofowa. Ka ji fa, shekara aru-aru suna kashe abin da suke gadi, wai ladabi. Ya ɗauki guda daga tsibin 'ya'yan, ya ja nesa da itaciyar, ya kira Marzuwanu da sunansa gatsal.

Sarkin ya bayyana, kansa na gogar gajimare, ya ce, "Ya kai ɗan yumɓu, ajiye abin da ka ɗauka, in bar ka ka sauka da ƙafafunka."

Uwaisu ya ce, "Ba zan ajiye ba. An ce mini sarkin wuta ne kai, na tarar da mai tsoron numfashinsa. In da sauran wuta a cikinka, ga ni."

Marzuwanu ya manta rantsuwa, ya hura wuta. Uwaisu ya ɗaga hannunsa na dama, riƙe da ɗan itaciyar, cikin harshen wutar, zafi ya kai masa har ƙwaƙwalwa, tsoro ya kama shi sosai, amma bai sauke ba. Ƙaro ya narke, ɓawo ya yi ƙas-ƙas ya buɗe, ƙwayoyi masu fiffike suka fito ta tsakanin yatsunsa, iska ta watsa su cikin duwatsu. Marzuwanu ya durƙusa yana kallo.

Daga ranar aljanu suka gasa tsibin nan duka suka shuka, kuma rundunarsu ce ta yi wa Ramlatu jigilar ruwa har itatuwa suka girma kogi ya dawo. Nu'aima, wadda ta yi jinyar hannun, ita ta ce ta zaɓe shi, aka ɗaura aure. Numairu ya naɗa shi sarki da kansa.

Hannun dai bai ƙara buɗewa ba, a dunƙule ya warke. Ranar naɗi da aka zo sa masa zoben sarauta a hannun dama aka rasa yatsan da zai shiga, fadawa suka sunkuyar da kai. Uwaisu ya ɗaga dunƙulen sama, birni gaba ɗaya ya mayar masa da jinjina.