Gafaru da Mangwaron da Bai Nuna Ba

A shekarar 1986 an yi wani dillalin mangwaro a unguwar Maamobi mai suna Gafaru. Mutum ne mai zafin nema, sai dai ba shi da haƙuri, kuma ba ya tausayin kowa. Rumfar da yake ciniki gadon mahaifinsa ce. Gwaggonsa Sanatu ta shafe shekara talatin a cikinta tana tantance kaya. Ita ke sa manoman Dodowa su tsinko mangwaro da hannu bayan ya ƙosa, a shimfiɗa shi a kan busasshiyar ciyawa har ya nuna da kansa.

Gafaru ya ga wannan ɓata lokaci ne. Ya sa aka riƙa kakkaɓo ɗanye da gora, ana cusawa a buhu. Ya je kasuwar Abossey Okai ya sayo kabayid, dutsen nan da masu walda ke amfani da shi, yana turawa cikin kwanduna. Kwana biyu sai bawo ya yi ruwan ɗorawa, ciki kuwa tsami kamar lemo.

Gwaggo ta yanka guda ta ɗanɗana, ta tofar. Ta ce, "Gafaru, wannan zalunci ne. Yara ne za su sha. Kuma dutsen nan ba ya son ruwa, ka fitar da shi."

Ya ce, "Gwaggo, tsufa ne ke damunki. Tashi ki ba ni wuri."

A gaban jama'a ya jefar da kujerarta da butarta cikin kwata. Tsohuwar ta tsugunna ta tsamo butar. Washegari ta hau mota ta koma Kumasi wurin 'yarta.

Matan da ke sarar kayansa su ne suka fara shan wuya. Wata mai suna Mariatu ta dawo daga tashar motar unguwar Madina da kumburarren baki. Wani direban trotro, wato motar haya, shi ne ya mare ta, ya kifar da farantinta, saboda ɗansa ya sha mangwaron ya kwana biyu yana amai. Gafaru ya yi dariya ya ce, "Mariatu, ni na ce ki sayar wa mahaukaci? Gobe ki sake tasha."

A watan Yuni ya cika ɗakin ajiya da ɗanyen mangwaro, ya ninka dutsen, ya toshe taga da buhuna. Aka tafka ruwa da hantsi, rufin kwano ya yi yoyo a kan kabayid, iskar gas ta cika ɗakin. Gafaru ya shiga duba kaya, ya tarar da duhu, ya ƙyasta ashana. Har unguwar Nima aka ji ƙarar.

Bai mutu ba, amma idanunsa biyu sun tafi, fuskarsa ta saɓule. Kafin mako ya zagayo wani dillali ya mamaye wurin. Matan da ke sara suka koma can, babu wadda ta leƙa asibiti. Da aka sallame shi, ya roƙi maƙwabcinsa Osman ya kai shi Kumasi ya nemi gafarar Gwaggo.

Osman ya ce, "Gafaru, kana kwance aka binne ta. Yau kwana tara."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abin da mutane za su ci amana ce a hannun mai sayarwa, tun daga gona har kasuwa. Wanda ya gaggauta abin da Allah ya sa wa lokaci, ya kuma wulaƙanta mai faɗa masa gaskiya, zai iya wayar gari yana neman gafara a lokacin da babu sauran mai yafe masa.