Sunan Wa Za a Sa wa 'Yar Nomau?

Ku matso ku ji abin da Baba Jatau ya ba mu ɗazun nan, har yanzu ana can ƙofar gida ana musu!

Wai wani mai haƙar rijiya ne, Nomau, ya hau mota zai tafi arewa neman aiki. Don kada gumi ya cinye masa katin shaida, sai ya kai wa baduku ya ɗinke shi cikin fata kamar laya. Da tsakar rana suka isa kan iyaka, 'yan sanda suka ce kowa ya fito da takarda. Nomau ya miƙa laya.

"Mu za ka raina wa hankali?" in ji babbansu.

Ko bakin cewa a farke ɗinkin ba su ba shi ba. Suka rufe shi da kulki har hannu ya karye, suka kulle shi cikin kwantenar ƙarfe. Mutum da takardarsa fa! Ciki kamar tanda, Nomau ya fara kalmar shahada.

Ashe wata fasinja mai goyo, Indo, ta soke waya a majanyi, ta juya baya kamar tana jijjiga yaro, wayar na ɗaukar dukan. Ta tura wa masu kare haƙƙin ɗan Adam, lauyansu ya taso daga birni. Amma tafiyar awa uku ce.

Tabawa mai fura, da ke zama a bayan kwantenar, ta hango wata kafa da tsatsa ta ci. Ta yi kamar tana wanke ƙwarya, ta dinga ɗura masa ruwa da ludayi. Ba don ita ba, da bai ga la'asar ba.

'Yan sandan kuma so suke wurin ya watse, su kai shi inda ba mai gani. Suka ba direba umarni ya ja mota ya wuce. Hajiya Kande, mai buhunan barkonon da ke motar, ta shimfiɗa mayafi gaban taya ta zauna, ta ce wanda ya isa ya taka ta. Ba zagin da ba ta sha ba, ko gezau, har lauya ya iso aka buɗe ƙofa.

Nomau ya dawo gida da ɗori, ya tarar matarsa ta haifi mace. Ya rantse sunan wadda ta cece shi zai sa. Gobe suna, liman ya aiko sau biyu yana tambaya. Nomau ya dafe kai ya ce, "Ni fa ɗiya ɗaya Allah ya ba ni."

To, tsakanin Indo da Tabawa da Hajiya Kande, wace ce ta fi cancanta a yi mata takwara?