Ƙafa Shidan da Baba Mai Awo Ya Bari

Akwai wani dattijo da matarsa a wata unguwa, waɗanda har yau in aka ambace su sai ka ga manya sun gyara zama. Shi ana ce masa Baba Mai Awo, don shekara talatin da biyar ya yi yana awon filaye a ofishin gwamnati. Ita kuma Mama Nas, ungozoma ce a ƙaramin asibitin da ke bakin unguwar.

Shekara hamsin da biyu suka yi tare, kuma da wuya rana ta faɗi ba su yi musu ba. Ita tana cewa ya cika ƙididdiga, ko sukari za a zuba masa a shayi sai ya tambayi cokali nawa. Shi kuma yana cewa tun ranar da ya aure ta take neman cutar da za ta gano a jikinsa, ba ta dace ba.

Amma a kira taron unguwa, su ne farkon zuwa, kowa riƙe da kujerarsa ta roba. In kwata ta toshe ko fitilar titi ta mutu, Baba ya zauna ya rubuta wa hukuma takarda, Mama ta karɓa ta goge baƙar maganar da ke ciki, sannan su kai tare.

A gefen gidansu akwai wani lungu mai faɗin ƙafa shida. Ta nan mutanen bayan layi ke ratsowa zuwa asibiti da makaranta. Ba don shi ba, sai an zagaya ta babban titi, tafiyar fiye da rabin awa.

Da Allah Ya karɓi ran Baba, wata biyu ba su cika ba Mama ta bi shi. Maƙwabta na share hawaye suna cewa dama ina za ta iya zama babu abokin musu.

Ɗansu ɗaya ne, manaja a wani kamfani a babban birni. Ba mugu ba ne, amma irin mutanen nan ne da in takarda ta faɗi abu, to magana ta ƙare. Yana duba takardun gidan ya ga ashe lungun nan cikin filinsu yake. Har dariya ya yi, wai mahaifinsa ya auna wa duniya filayensu daidai, ya zo kan nasa ya yi kuskure.

Nan take ya yanke shawarar toshe lungun ya gina shago. Dattawan layi suka zo suka roƙe shi, ya shimfiɗa musu takarda a kan tebur. Suka tashi jiki a sanyaye, don sun san ba su da hujja.

Aka sauke bulo da yashi. Manaja ya aika aka kira masa tsohon maginin unguwar, ya nuna masa inda bango zai tashi. Sai maginin ya ɗauki diga ya sari ƙasa a can gefen lungun, sau uku, sai ga tsohon siminti ya bayyana.

"Manaja, ka san mene ne wannan?"

"A'a, Baba."

"Harsashin ɗakin iyayenka ne. Nan bangon yake da. Ni na gina shi, ni kuma na rushe shi, kana rarrafe a lokacin."

Sai ya ba shi labari. Wata rana aka ɗauko wata mai naƙuda daga bayan layi, aka zagaya da ita ta babban titi. Kafin a kai ta hannun Mama, jaririn ya riga ya tafi. Mama ta dawo gida ta kasa cin abinci kwana biyu. A rana ta uku Baba ya ɗauko igiyar awonsa ya shiga ɗakinsu, ya fito ya ce a matsar da bango ƙafa shida.

"Na ce masa gadonku ba zai zauna ba," in ji maginin. "Ya ce zai zauna, ya auna. Ya kuwa zauna, amma fiye da shekara arba'in ta ƙafar gado suke hawa."

Manaja ya shiga gida ya tsaya a ƙofar ɗakin. Gadon na nan, gefe da gefe ya taɓa bango. A cikin gidan nan ya girma, ya sha tsokanar iyayensa a kan ƙanƙantar ɗakinsu, kuma ba su taɓa gaya masa dalili ba. Kunya ta kama shi, alfahari kuma ya cika masa ƙirji har ya rasa wanne ne ya kawo masa hawaye.

Da ya fito, wasu mata biyu na tsaye a bakin lungun, ɗaya da ciki, suna kallon bulon, sun kasa tambaya ko za a bar su su wuce. Ya matsa gefe ya ce su wuce. Sannan ya juya wajen maginin.

"Baba, ƙafa nawa ake buƙata kafin motar asibiti ta iya shiga nan?"

"Sai an ƙara huɗu."

"Bayan ɗakinsu, ɗakina ne ke jikin lungun. Nasu ya riga ya ba da rabonsa, amma sun tafi, ba za su ƙi ƙari ba. A ƙara ƙafa huɗun, a fara aunawa daga ɗakina."

Darasi: Ba duk abin da doka ta ba ka ne ya kamata ka riƙe ba. Kafin ka gyara abin da kake gani kuskuren iyayenka ne, tambayi wanda ya san dalili, don wani alherin a ɓoye suka yi shi. Allah Ya jiƙan dattawanmu da suka takura kansu don mu wuce. Tura wa wanda ya taso a hannun irinsu.