Lambar Jatau Ɗan Ƙodago

Ku matso kusa, yau da abin gardama na zo muku.

A wani ƙauye gabas da Funtuwa an yi wani ɗan ƙodago mai suna Jatau. Ba shi da gona, ba shi da dangi, sai garma da ƙarfin damtse. Amma in ya kama kunyar gona, ba ya ɗagowa sai ya kai ƙarshenta. Da aka zo ɗibar soja zuwa yaƙin Bama a zamanin Turawa, ya jingine garmarsa ya ce, "Shekara goma sha biyu ina noma, wani ke cika rumbu. Bari in je in yi abin da za a kira da sunana."

A can ya yi abokai uku: Barau, Mati da Sambo. Wata rana da hantsi abokan gaba suka rutsa su a bakin kogi. Jatau ya ce, "Ku haye, 'yan uwa. Ni na saba tashi ƙarshe a gona." Ya tare mashigar shi kaɗai har mutum arba'in suka tsallake. Da harsashi ya zo, a ƙirji ya same shi, ba a baya ba.

Barau ya rantse ba za a bar wa ungulu namiji irin wannan ba. Ya koma cikin ruwan wuta, ya saɓo gawar ya haye da ita. Aka harbe shi a cinya, bai sauke ba. Har ya tsufa yana ɗingishi.

Mati ya ƙi bin ayari. Ya tsaya ya haƙa kabari da wuƙar bindiga har tafinsa ya tsage, ya duba rana ya gano alƙibla, ya yi masa salla ya rufe shi. Kwana tara ya yi shi kaɗai a daji kafin ya cim ma sauran.

Shi kuwa Sambo, da ya ji Baturen soja ya rubuta "an rasa mutum ɗaya" kawai, sai ya tsaya gabansa ya ce, "Ranka ya daɗe, yana da suna." Aka kulle shi saboda tsaurin ido. Ya fito, ya sake faɗa, aka sake kulle shi. A na uku aka rubuta Jatau da abin da ya yi.

Bayan yaƙi aka aiko da lambar yabon Jatau guda ɗaya, ga shi babu magaji. Dagacin ƙauyen su Jatau ya tara su ukun, ya ajiye ta a kan tabarma.

To, jama'a, wa ya kamata ya ɗauka a cikinsu?