Lasifikar da Ta Ƙi Ɗaukar Zagi

Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, kogin ilimi ne, ma'abocin tsantseni da zuhudu, wanda harshensa ba ya gushewa daga ambaton Ubangijinsa. A hannunsa na koyi haɗa baƙi bayan furfura ta fito mini, kuma abin da zan faɗa a kaina ya faru.

Ƙungiyarmu ta kafintoci ta ba ni ɗan lokaci in yi jawabi a taronta, a kan shawarar da ta daɗe tana ci mini rai, wato kowane mai shago ya sallami ma'aikatansa bayan la'asar su koyi karatu, domin girma ba ya hana ido buɗewa. Idan jawabin ya shige su a buɗe aji, idan bai shiga ba a binne maganar. Ni kuwa ban san wata hanyar hadda ba sai irin ta allo, don haka na tsaya bayan shago a tsakanin katakai, ina biya jawabin ina rangaji, ina jan murya. Maƙwabcina da muke kira Dogo ya leƙo ya gan ni.

"Kai, Gardi!" in ji shi. "In ka kai aya mu shafa, ko sai an biya maka gaba?"

Kafin azahar layinmu kakaf yana kwaikwayona. Mutanen da saboda su nake wannan wahala, waɗanda sai sun nemi mai karanta musu saƙon matansu! Zuciyata ta tafasa, na yanke rabin jawabin na cika gurbinsa da aibobinsu ɗaya bayan ɗaya, sannan na tafi wurin Shehi na karanta masa. Bai tsawata mini ba, Allah Ya jiƙan mahaifansa. Ya ɗan runtse ido, ya ce, "Je ka yi jawabinka. Abin da zai amfane su shi zai isa kunnensu."

Zauren taron yana bakin titi, ga ƙarar motoci ga ta injin wuta, ba mai jin kowa sai da lasifika. Na fara da falalar karatu, murya tana fita tangaram. Da na juya kan Dogo na ɗauko zagin farko, sai lasifikar ta mutu. Mai ita ya taso yana jijjiga waya, na koma kan maganar aji, ta dawo. Na sake ɗauko wani, ta sake ɗaukewa. Haka muka yi ta yi, ina ihu jijiyar wuyana a tashe, amma kalma ɗaya ta cin mutunci ba ta isa kunnen kowa ba. Mai lasifikar ya rantse da girman Allah cewa kayansa lafiya lau suke.

Aka ɗaga hannu, shawara ta wuce. Dogo ya ratso jama'a ya kama hannuna, ya ce, "Wallahi ka kashe mini jiki. Wuraren nan da muryarka ta ɗauke, bakinka yana motsi idonka jawur, addu'a kake yi mana, ko? Sa ni a ajin."

Na ce masa, "Ka zo da alƙalami."

Tsarki ya tabbata ga Wanda Yake girmama bayinSa na gari da abin da Ya so. Ya Allah, Ka ɗaukaka darajar Shehinmu, Ka sanyaya wannan zuciya tawa mai saurin tafasa, kada Ka haramta mana albarkarsa. Amin.