Hannun Mai Kujeru

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a wata unguwa, sana'arsa ba da hayar rumfa da kujeru. Kowa Mai Kujeru yake ce masa. Sana'a ce ta halal, ba ni da ta cewa a kanta. Ni kaina in na je ta'aziyya, kujerar da ke inuwa nake fara hange, sai in ɗora wa gwiwata laifi.

Yayansa kafinta ne. Shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya ƙera masa bencinan da ya fara haya da su, ko kuɗin ƙusa bai karɓa ba.

Da tafiya ta yi nisa, Mai Kujeru ya gano abu guda: mai biki yana neman ragi, mai makoki ba ya nema. Wanda ya dawo daga maƙabarta da ƙasa a ƙafarsa, duk abin da ka faɗa masa sai ya ce to.

Daga nan ba wanda ya kai shi zuwa dubiya. Da an ce wane ya kwanta, ga shi nan da ledar lemo. Zai yi sannu, ya ja doguwar addu'a, amma idonsa na tsakar gida. Ina rana take faɗawa? Ina za a ɗaure igiya? In zai fita, sai ya kama reshen bishiya ko ƙarfen taga ya ɗan girgiza, ya ji ko zai ɗauki nauyin rumfa.

Ranar da aka yi rasuwa, motarsa kan riga likkafani isowa. In masu gida suka ce rumfa ɗaya ta isa, sai ya rage murya. "Haba, bayin Allah. Mutum kamar marigayi, a bar baƙinsa a rana? Me jama'a za su ce?" Daga rumfa sai ƙarin kujeru, sai manyan tukwane, sai janareto. Wata mai ɗinki da aka bari da marayu, kafin ta fita takaba keken ɗinkinta ya bar ɗakin. Wa zai ciyar da yaran? Wannan ba ya cikin abin da Mai Kujeru yake ba da haya.

Ana nan sai yayansa ya kwanta, ciwon da likita ya girgiza kai a kansa.

Ku ji da kyau, a nan abin tausayin yake. A wannan rana babu ciniki a zuciyar mutumin nan. Ya rufe shago ya tafi hannu biyu, har lemon ya manta. Ya zauna a bakin gado yana matsa wa yayansa ƙafa, yana tuna yadda hannayen nan da suka rame suka taɓa yi masa wanka. Da kuka ya ci ƙarfinsa ya tashi ya fita don kada a gani.

A tsakar gida akwai bishiya. Yana wucewa ƙarƙashinta, yana share hawaye da hannun hagu, sai na dama ya tashi da kansa. Ya kama reshe, ya girgiza.

Gadon yayan kuwa yana jikin taga.

"Ƙanena," in ji shi da 'yar muryar da ta rage masa. "Zai ɗauka?"

Mai Kujeru ya ɗaga kai ya ga hannunsa a kan reshe.

"Yaya, wallahi ba..."

"Ni na dasa ta, na san ƙarfinta. Zai ɗauka. Je ka, in lokaci ya yi za ka ji."

Washegari ya dawo. Matar yayan ta tare shi a ƙofa. "Ya ce a ce maka yana barci. Ka yi haƙuri, ni 'yar aike ce." Yana jin tarin yayansa daga ciki. Ya sunkuyar da kai ya juya. Kullum haka, yana zuwa yana juyawa, har Allah ya karɓi abinsa.

Kafinta ya bar wasiyya: kada a kafa masa rumfa. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyar, aka yi addu'a, aka watse. Ba abin da ya ragu. Jama'a suka gani da idonsu. Daga ranar, duk gidan da aka yi rashi sai ka ji, "Mu ma irin na kafinta za mu yi." Masu biki ma suka janye, don labarin reshe ya zaga gari. Kujeru suka taru a bayan shago, rana ta cinye launinsu, ƙafafunsu suka tsattsage. Beraye suka yi gida a cikin rumfunan.

Da ciwo ya kwantar da Mai Kujeru, ba mai leƙo shi sai matar yayan nan, takan kawo masa abinci. Mutumin da ke da wurin zaunar da unguwa guda, ya rasa mai zama kusa da shi. Ran nan ya daure ya tambaye ta, "Bai ce komai a kaina ba?"

Ta daɗe tana juya murfin kwano.

"Da ya ji motsi a ƙofa sai ya juyo. Ya ce min in ka ture ni ka shigo, in ƙyale ka. Ba ka shigo ba."

Ya 'yan uwa, abin da ka koya wa hannunka shi zai yi, ko a ranar da zuciyarka take da gaskiya. Wa zai yarda da hawayenka bayan an ga abin da hannunka ya saba? Mamaci me yake nema a wurinmu? Likkafani, kabari, da addu'a. Sauran duk don idon mutane ne, kuma marayu ne suke biya. Kada mu mai da hawayen maƙwabci kasuwa. Wanda kuma ya san ya ɓata wa ɗan uwansa, kada kunya ta tsayar da shi a ƙofa. Ya shiga tun mai yafewa yana numfashi.

Allah ya kiyaye mu da hannayenmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu rabu da juna da yafiya. Amin.